Kwamfutata ta fara mutuwa tun da zafi ya shigo, furosesa ce ko mi?

Bashar Mabera: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masana kwamfuta a taimaka. Ina da kwamfutar tebur da nake haɗa bidiyon biki da ita, da dare kuma in ɗan taɓa gem. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) i5-9600K ce, madabod (allon da ake jona komai a kansa) Z390, RAM 16GB mai gudun 3200, kular iska (abin sanyaya furosesa) mai fanka ɗaya, fawa-fak (akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta) 550W. Duka na hannu na saya. Cikin hunturu na yi mata obakulok, wato ƙara gudu fiye da saitin kamfani: na shiga BIOS (wurin saitin madabod) na ɗaga ƙwayoyin furosesar shida, sassan da ke yin lissafi, zuwa 5.0 GHz, na sa boltej 1.30, na kunna XMP (saitin ƙara gudun RAM). Ta yi ta aiki lafiya lau. Tun da Afrilu ya kama sai labari ya sha bamban. Ina cikin fitar da bidiyo sai allo ya yi shuɗi, wani lokaci ya rubuta CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, wani lokaci WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR. Wanda ya fi ɗaure min kai, akwai sa'ad da ko shuɗin allon ba ta nunawa, sai dai ta ɗauke ɗif ta sake tashi da kanta. Ban taɓa komai ba tun saitin farko. Furosesar ce ta fara lalacewa?

Abdul Gem: Wa alaikumus salam yaya Bashar. Boltej ne ya yi mata kaɗan. Kai shi 1.45 ka huta. Na ga wani a YouTube ya kai irin taka 5.2.

Nafisa Arkilla: Abdul, don Allah kar ka sa bawan Allah ya ƙona kayan sana'arsa. 1.45 a Sakkwato cikin Afrilu? Malam Bashar, kar ka taɓa boltej tukuna. Sauke HWiNFO64, ka buɗe shafin da ke nuna zafi, ka bar shi a buɗe, ka fara fitar da bidiyo kamar yadda ka saba. Bayan minti goma ka turo mana hoton allon. Zafin ƙwayoyin nake son gani, da Vcore, wato boltej ɗin da furosesa ke samu, da layin da ke cewa Thermal Throttling, mai nuna ko tana rage gudu saboda zafi.

Abdul Gem: Anti Nafisa ai don a ɗaga ta Intel suka sa mata K a ƙarshen suna. In ba za a ɗaga ba mi ne amfanin biyan kuɗin K?

Nafisa Arkilla: Ban ce kar a ɗaga ba. Wancan na YouTube ɗin ka tambaye shi digiri nawa ne a ɗakinsa?

Bashar Mabera: Ga shi na yi. Yawancin ƙwayoyin 96 zuwa 98, ɗaya ta taɓa 100. Thermal Throttling ya rubuta Yes. Vcore kuma na sa 1.30 amma da aiki ya yi nauyi sai na ga ya sauko 1.26.

Injiniya Murtala: Salamu alaikum. Na karanta daga sama. Bashar, in sha Allahu furosesarka ƙalau take. Ɗakinka ne ya canza.

Kula ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ja ta hura wa ƙarfen, don haka iyakar abin da za ta iya shi ne ta riƙe furosesa a wata tazara sama da zafin ɗakin. Mu ƙaddara lokacin hunturu ɗakinka na digiri 22, furosesa na kai wa 80. Tazarar 58 ke nan. Yanzu ɗaki mai rufin kwano ya kai 40 da azahar ba abin mamaki ba ne a garin nan. Ɗora 58 a kan 40, ga 98 ɗin da ka turo. Iyakar da Intel ta yanka wa wannan furosesa 100 ne, daga nan take fara rage gudun kanta don ta tsira.

Sannan furosesa in ta ɗau zafi tana buƙatar boltej fiye da wanda ya ishe ta cikin sanyi kafin ta riƙe gudu ɗaya. Abin da ya wadatar a digiri 80 bai wadatar a 98 ba. A nan Abdul yana da rabin gaskiya. CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT na nufin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ta daina amsa kira, kuma ga wanda ya yi obakulok galibi ƙarancin boltej ne ke kawo shi. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuma kayan cikin ne da kansu ke shaida wa Windows cewa an tafka kuskuren da ba su iya gyarawa. Sai dai maganin da Abdul ya kawo ƙara rura wutar zai yi. Zafin da furosesa ke fitarwa ba kafaɗa da kafaɗa yake hawa da boltej ba, boltej sau boltej yake bi. Daga 1.30 zuwa 1.45 ƙarin kashi 11 da ɗoriya ne cikin ɗari, amma a zafi ya kai wajen kashi 24. Kular da ta riga ta kai maƙura ina za ta kai wannan?

Abin da za ka yi yanzu: shiga BIOS ka mayar da komai yadda kamfani ya saita, har XMP ka kashe. Cire filogi, buɗe akwatin, ka leƙa tsakanin siraran ƙarafan kular. Kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu tun daga Nuwamba har Fabrairu ba a buɗe ta ba, na san abin da za ka tarar. Ka sa bulowa, amma ka danne fankar da yatsa kar iska ta wulwula ta fiye da ƙima. Ka cire kular, ka sa sifirit ka goge tsohon man da ke tsakaninta da furosesa, ka ɗiga sabo a tsakiya ka mayar ka ɗaure kusoshin a hankali, kusurwa da kishiyarta. Kuma in a ƙasa take ajiye ka ɗora ta kan tebur.

Malam Nura: Na maƙala bayanin Injiniya a saman zaure. Duk shekara in bazara ta yi sai an yi wannan tambayar.

Ummaru Runjin Sambo: Ni fa tambayata daban take. Duk wannan wahalar mi ake samu? 9600K in ka ƙyale ta yadda take, ƙwayoyin shida da kansu suke hawa 4.3 in aiki ya yi nauyi. Daga 4.3 zuwa 5.0 kashi 16 ne cikin ɗari, shi ma a takarda. Bidiyon da ke fita cikin awa ɗaya zai fita cikin minti 52. Minti takwas fa. In ta mutu maka sau ɗaya a tsakiyar aiki ka koma farko, ribar mako guda ta tafi, ga dangin amarya na ta buga waya suna tambayar bidiyonsu. Mai sana'a ba ya wasa da injin da yake ci da shi. Ka mayar da ita yadda Allah ya yi ta, Bashar, a wuce wurin.

Abdul Gem: Yaya Ummaru kai ba ka yin gem shi ya sa. Wannan furosesar ƙwaya shida ce zare shida, wato kowace ƙwaya layin aiki ɗaya take ja, ba ta da ninkin zaren da i7-8700K ke da shi. Sababbin gem suna cika ta maƙil, sai ka ga hoto na sarƙewa. Ƙarin gudun nan ana jin sa a hannu.

Ummaru Runjin Sambo: To gem ke biyan kuɗin haya?

Abdul Gem: Wasu yana biya musu 😂

Nafisa Arkilla: Ku duka kun tsallake wani abu. Malam Bashar, da wace manhaja kake aiki? In Premiere Pro ce, wurin fitar da bidiyon H.264 akwai zaɓin Hardware Encoding. Furosesarka na da sashen hoto na UHD 630 a cikinta, kuma yana da Quick Sync, wanda aikinsa ke nan matse bidiyo. In kana da katin hoto na Nvidia, shi ma yana da nasa, NVENC. Abin da waɗannan za su rage maka na lokaci ya fi minti takwas ɗin yaya Ummaru nesa ba kusa ba, kuma furosesa ba za ta yi zafin da take yi ba. Matsalar ita ce madabod da yawa suna kashe sashen hoton ciki da zarar sun ga an sa kati, sai ka shiga BIOS ka kunna shi da hannu.

Bashar Mabera: Premiere ce. Wannan zaɓin a dushe yake ba ya dannuwa, na zaci ba ni da shi ne.

Nafisa Arkilla: Kunna iGPU, wato sashen hoton cikin nan, a BIOS, ka sa direban hoto na Intel, ka sake dubawa.

Bashar Mabera: Barkanmu da rana. Na yi abin da Injiniya ya ce. Ƙurar da ta fito daga kular nan sai wanda ya gani, tsohon man kuma ya bushe ƙamas har ɓarewa yake. Yanzu a saitin kamfani, da azahar, zafin bai wuce 74 ba. Shuɗin allo ya ɓace. Amma ɗazu ina fitar da wani bidiyo ta sake ɗaukewa ɗif ta tashi, babu wani rubutu.

Injiniya Murtala: Madalla, mun raba cuta biyu ke nan. Ta farko zafi ce da obakulok. Wannan ta biyun ba ruwanta da BIOS. Buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka nemo Kernel-Power mai lamba 41 na daidai lokacin da ta mutu. Ka duba BugcheckCode nawa ya rubuta.

Bashar Mabera: Na gan shi. BugcheckCode 0.

Abdul Gem: Kernel-Power 41 ai fawa-fak ne ya mutu. Sai sabo.

Nafisa Arkilla: Ba haka ba ne. Lamba 41 cewa kawai take an tashi ba tare da an kashe kwamfuta yadda ya kamata ba. Ko filogi ka fizge ita za ka gani. Sifilin da ke BugcheckCode shi ke nuna Windows ba ta ma samu sararin rubuta dalili ba, wato abin ya zo mata ba shiri. Yana iya zama fawa-fak, yana iya zama wutar da ke shigo masa.

Baba Sani Mai Sola: Ɗana Bashar, bari in sa baki, wanga ɓangare namu na. Da mi kwamfutar ke aiki, wutar layi kai tsaye ko ta bi ta inbata? Kuma ka lura, sa'ad da tam mutu, ba daidai da ɗauke wuta ko kawo ta ba na?

Bashar Mabera: Ta inbata take bi, Baba. Ɗazu kam da na leƙa waje an ɗauke wuta. Amma ai ko ƙwan ɗaki bai ƙyafta ba, fankar sama ma ba ta tsaya ba.

Baba Sani Mai Sola: Yawwa, nan zancen yake. Ƙwai da fanka ba su san komi ba. Inbata ba ta juyawa daga wutar layi zuwa batir nan take, akwai ɗan tsaiko da ido bai gani. Fawa-fak mai lafiya shina riƙe kwamfuta wajen milisakan 16 babu wuta, da abin da yat tara cikin manyan kafasito nai. In inbata taj jinkirta fiye da hakan, kwamfuta ta tafi. Kuma gwargwadon nauyin da kad ɗora ma fawa-fak, gwargwadon saurin ƙarewar abin da yat tara. Shi as sa in kana karatu ko kallo a ɗauke wuta ba ka jin komi, amma in tana tsakiyar fidda bidiyo sai ta faɗi. Da kaƙ ƙara mata gudu da boltej, jan wutar ya ƙaru, tsaikon da taka jurewa da can ta daina jure shi.

Zagaya bayan inbatar ka duba. Galibin waɗanda munka girka ma mutane suna da ɗan maɓalli, gefe guda an rubuta UPS, gudan Eco ko Normal. In tana Eco, tana karɓar wutar layi ko ta faɗi ƙasa ƙwarai, don ta adana batir, kuma juyawarta ta fi nawa. In tana UPS, da wuta ta fita daga tsakanin 180 da 260 ko kusa da haka sai ta koma batir, kuma da sauri taka juyawa. Mai kwamfuta UPS ya kamata shi bar ta.

Abu na biyu, duba takardar jikinta ko an rubuta Pure Sine Wave. Masu arha ba su fidda wuta mai santsi irin ta layi, tasu mai matakala ta, kuma fawa-fak na zamani masu Active PFC wasunsu ba su shiri da ita. Wani ka ji shi shina ƙugi, wani shi kashe kai nai.

Injiniya Murtala: Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara, fawa-fak ɗin na hannu ne, ba mu san shekarunsa ba. Kafasito masu ruwa a ciki bushewa suke a hankali, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwarsu biyu. Fawa-fak da ya yi shekaru a Turai, ya zo ya ƙara wasu a nan, milisakan 16 ɗin nan ba lallai yana da su ba. In ka juya maɓallin ba ta daina ba, ari wani fawa-fak ka gwada kafin ka kashe kuɗi.

Bashar Mabera: Pure Sine Wave ce, amma a Eco na same ta. Na mayar UPS. Da aka kawo wuta na sa bidiyo yana fita, na je na kashe wutar layi daga canjin gida da gangan, na mayar, na sake kashewa. Ko gezau ba ta yi ba. Allah ya saka da alheri Baba.

Baba Sani Mai Sola: Amin ɗana. Sai dai ka sani batir zai riƙa aiki fiye da da, musamman da dare in wuta tar rage ƙarfi. Ka riƙa duba ruwa nai.

Zayyanu Gidan Igwai: A gafarce ni in tambayar ta kauce. Na ji an ce furosesoshin Intel suna mutuwa da kansu ko ba a yi musu obakulok ba. Ba ita ce wannan ba?

Injiniya Murtala: A'a, wancan na zubi na 13 da na 14 ne, irin su i9-13900K da i9-14900K. A 2024 Intel ta amsa cewa furosesoshin na neman boltej fiye da ƙima, abin da ke cinye su a hankali har gudun da suka saba ya gagare su. Ta fitar da gyaran maikurokod, wato umarnin cikin furosesa, 0x129 a watan Agusta da 0x12B a Satumba, wanda ake samu ta sabunta BIOS, ta kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Gyaran yana hana ɓarna ci gaba, amma wadda ta riga ta lalace ba ta dawowa. Ta Bashar zubi na 9 ce, ta 2018, ba ta cikin wannan. Amma Abdul ya karanta labarin da kyau, don abin da 1.45 cikin zafi zai yi wa furosesa ke nan, sai dai ba rana ɗaya ba. Bana tana riƙe 5.0, baɗi ta ƙi, daga baya har gudun kamfani sai an ƙara mata wuta.

Abdul Gem: Na ji Injiniya. Amma dai ya koma 5.0 ɗin ko? Yanzu ai zafi ya sauka.

Bashar Mabera: Gaskiya ina son in ɗan ɗaga, ko ba 5.0 ba. Ta ina zan fara?

Ummaru Runjin Sambo: Inna lillahi. An samu lafiya kuma ana neman wata cutar.

Injiniya Murtala: Kayansa ne Ummaru, gara mu nuna masa hanya da ya bi ta YouTube. Bashar, wancan karon abu uku ka canza lokaci guda: gudu, boltej, da XMP. In ta faɗi ba ka san wanne ya kayar da ita ba. Yanzu ɗaya bayan ɗaya.

Fara da RAM, furosesa na nan a saitin kamfani. Mutane da yawa ba su san XMP ma obakulok ba ne. Gudun RAM da Intel ta amince wa 9600K shi ne 2666, duk abin da ya haura haka ƙari ne. Kunna XMP, ka sa manhajar gwajin RAM ta MemTest86 a filasha, ka tashi kwamfutar daga kanta, ka bar shi ya kammala zagayensa huɗu. Kuskure ɗaya tak in ya fito, ba ta ci ba.

Bashar Mabera: Ya fitar da kurakurai a zagaye na biyu, jajaye.

Nafisa Arkilla: Buɗe CPU-Z ka shiga shafin SPD, ka duba kowane rami daban. RAM ɗin biyu tare aka sayar da su a kwali ɗaya?

Bashar Mabera: A'a. Kamfani ɗaya ne, duka 3200, amma lambar jinkirinsu ta bambanta, ɗaya CL16 ɗaya CL18. Lambobin jikinsu ma sun bambanta.

Nafisa Arkilla: To ka ga. XMP saitin ɗaya yake ɗauka ya ɗora wa duka biyun. In na CL16 ya ɗauka, ɗayar na gudu da abin da ba a gwada ta a kai ba. RAM ma zafi na taɓa ta, shi ya sa cikin hunturu ta iya ɓoye aibinta. Bar boltej ɗinta a 1.35, ka sa lambobin mai CL18 da hannu, ko ka sauko da gudun zuwa 3000 ko 2933. Bambancin ba za ka gan shi a aiki ba. Irin wannan kuskuren ya fi shuɗin allo haɗari a wurina, domin yana iya ɓata fayil shiru ba ka sani ba sai ranar da ka zo buɗe aikin wani.

Bashar Mabera: Na sa 3000 da lambobin CL18. Ya gama zagaye huɗu babu ja ko ɗaya.

Injiniya Murtala: Sai furosesa. Agogon tushe 100 MHz ne, kar ka taɓa shi, CPU Ratio kawai za ka canza. Sa 47, wato 4.7 GHz, boltej 1.25 da hannu, kar ka bar shi a Auto domin madabod kan zuba fiye da buƙata. Ka ce ka sa 1.30 kana ganin 1.26: wannan faɗuwar da gangan aka tsara ta, kuma saitin Load-Line Calibration (LLC) ke rage ta. Ka zaɓi matsakaici. Mafi ƙarfin yana sa boltej ya yi tsalle sama a daidai lokacin da nauyi ya sauka, tsallen da manhaja ba ta iya nuna maka. A kula, lambobin ba ɗaya suke ba: a ASUS babbar lamba ita ce mai ƙarfi, a ASRock da MSI lamba 1 ce mai ƙarfi, Gigabyte kuma sunaye take sawa irin su Medium, High da Turbo.

In ta ci gwaji ka hau 48. In ta faɗi ka ƙara boltej da 0.01 ka sake. Iyaka biyu za ka sa wa kanka: zafi kar ya wuce 85 a gwaji, boltej kar ya wuce 1.35. Duk wadda ka fara cimma, nan ne ƙarshenka. Kuma ba kowace 9600K ke kai 5.0 ba ko a ɗaki mai sanyi. Guda biyu daga kwali ɗaya, wata ta kai wata ta ƙi.

Gwajin kuma tsakanin azahar da la'asar za ka yi shi, a ɗakin da kake aiki, akwatin a rufe. Wanda ya gwada ƙarfe biyun dare ya ce ta zauna, kansa ya yaudara.

Abdul Gem: Manhajar gwaji ta Cinebench ta isa ai. In ta wuce shi ta zauna.

Nafisa Arkilla: Cinebench na minti goma zai gaya maka maki da zafi, ba zai gaya maka za ta jure fitar da bidiyon walima na awa biyu ba. OCCT na awa ɗaya ya fi, yana kama kuskure ya faɗa maka ƙwayar da ta yi shi. Kuma a can ƙasan HWiNFO64 akwai layin Windows Hardware Errors. In ya tashi daga sifili, ko allo bai yi shuɗi ba, ba ta zauna ba.

Injiniya Murtala: Ni Prime95 na fi yarda da shi, gwajinsa mai suna Small FFTs.

Nafisa Arkilla: Injiniya a nan kam na saɓa maka. Small FFTs da AVX a kunne, wato umarnin lissafi masu nauyi da ke sa furosesa zafi, a kular iska mai fanka ɗaya, cikin wannan zafin, zai kai shi 100 cikin ɗan lokaci ko a 4.6. Babu aikin da Bashar ke yi da ya kai wannan nauyin. Za ka sa ya sauko da gudu saboda abin da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba.

Injiniya Murtala: Matse bidiyo da furosesa ai yana amfani da AVX, Malama. Da gem kawai yake yi da na yarda da ke.

Nafisa Arkilla: Yana amfani da shi, amma ba irin na Prime95 ba. Sa AVX Offset a 2 ya raba gardamar: aikin yau da kullum tana 4.8, da ta haɗu da AVX ta sauko 4.6 da kanta.

Injiniya Murtala: Wannan na yarda. Amma zan so ya kunna Prime95 ɗin ko da AVX a kashe ne, akwai wurin cire shi a akwatin zaɓi.

Bashar Mabera: Ga inda na tsaya. 4.8 GHz, boltej 1.27, LLC matsakaici, AVX Offset 2, RAM 3000. OCCT da azahar ya gama babu kuskure, zafi 84. Prime95 ba AVX shi ma ya wuce. Na gwada 4.9 ta nemi 1.32, zafi ya haura 90, sai na dawo. Quick Sync kuma ya kunnu, bidiyon yanzu furosesa ko rabin cika ba ta yi.

Ummaru Runjin Sambo: Wato abin da ya rage maka lokaci ba obakulok ba ne. A rubuta a ajiye.

Abdul Gem: In damina ta sauka a koma 5.0 😎

Injiniya Murtala: BIOS ɗinsa na da wurin adana saiti fiye da ɗaya. Yana iya ajiye na bazara daban, na hunturu daban, matuƙar kowanne ya ci gwaji a lokacinsa.

Yusha'u Gwiwa: Jama'a a taimaka da gaggawa. Ina bin zancen nan sai na shiga BIOS ɗin tawa, Ryzen 5 3600 ta kamfanin AMD ce a kan madabod B450, na sa 4.5. Yanzu fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, ko BIOS ba ta shiga. Da wayar ƙanena nake rubutu.

Nafisa Arkilla: Kwantar da hankalinka, ba ta ƙone ba. Cire filogi, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita. A kan madabod akwai batir zagayayye mai kama da na agogo, CR2032. Cire shi ka jira minti biyar ka mayar. Ko ka nemo ƙananan ƙarafa biyu da aka rubuta CLR_CMOS ko JBAT1 kusa da su, ka haɗa su da bakin sukundireba na daƙiƙa goma, filogi a cire. Za ta tashi a saitin kamfani, sai ka gyara kwanan wata da lokaci.

Yusha'u Gwiwa: Alhamdulillahi ta tashi. To nawa zan sa?

Injiniya Murtala: Kar ka sa komai. Lambobin da muka ba Bashar na Intel ne, ba na taka ba. Ryzen 5 3600 iyakar gudunta 4.2, kuma da kanta take hawa da sauka gwargwadon zafin da take ji, AMD ba ta bar wani sarari mai yawa a sama ba. Abin da zai ƙara mata gudu shi ne sanyi: share ƙura, sabon mai, in da hali kular da ta fi wadda ta zo da ita a kwali. Sai ka kunna XMP, wanda a madabod ɗin ASUS na AMD za ka gan shi da sunan DOCP, ka gwada shi da MemTest86 kamar yadda Bashar ya yi. Ryzen ta fi amfana da gudun RAM, kuma 3200 na cikin abin da AMD ta amince wa taka.